Ranar da Na Yi wa Babana Tafinta

Turancina bai fi cikin cokali ba, kuma har gobe bai ƙaru ba. Shekara biyu kacal na yi a makarantar wusɗa ta Kamlin, wadda ake shiga bayan firamare, inda ake fara koyar da shi, sai aka ce kowa ya kawo takardar jinsiyya, wato shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne. Ni ba ni da ita, Babana ba shi da ita, ba ya ma neman ta. Na naɗe tabarmata na koma gona.

Abin da na fito da shi daga makarantar nan darasi ɗaya ne da ya zauna mini daram, shi ma don bulala ce ta dasa shi. Malaminmu wani dogon Balarabe ne mai saurin hannu. Sai ya ɗora littafi a kan tebur ya ce, "There is a book on the table." Ya ƙara wani ya ce, "There are two books." Ya kwashe su duka ya ce, "There is no book." Abu ɗaya da kalmarsa, abu da yawa da tasa, in babu kuma ka ce babu. Wata guda cur muka yi a kan wannan. Rannan ya ce kowa ya tashi ya faɗi abin da ke akwai a garinsu. 'Ya'yan Larabawa suka yi ta zubawa: akwai makaranta, akwai kasuwa, akwai asibiti, akwai injin niƙa. Da aka zo kaina na miƙe, na duba rufin aji, na duba ƙasa, na ce, "There is a canal." Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Aji ya fashe da dariya, ni kuwa na zauna kunnena yana zafi. Amma ai ban yi ƙarya ba, magudanar ruwa kaɗai muke da ita.

Wurin da muke zaune ba shi da suna. Larabawan da muke yi wa aiki a gonakin auduga kambo suke ce masa, kamar yadda suke ce wa duk wani matsugunin 'yan ƙwadago. In kuwa ka kuskura ka ce masa gari a gaban Babana, nan take zai gyara maka: zango. Kakana ne ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar aikin hajji, Babana yana ɗan yaro yana riƙe masa buta. Da suka iso nan guzuri ya ƙare, suka ce bari su tsinci auduga shekara ɗaya su wuce. A shekara ta uku kakana ya rasu, wasiyyarsa guda ce: kada ku zauna. Babana ya riƙe maganar nan da hannu bibbiyu. Shi ya zama babban zango, shi ke raba rigima, shi ke jan salla, kuma a ƙarƙashinsa akwai abubuwan da ba a yi. Ba a gini da jan bulo. Ba a sa ƙofar ƙarfe. Ba a dasa itacen da sai an jira shi shekaru. Uwa uba, ba a haƙa rijiya. Da harshensa na Sakkwato da bai taɓa sakewa ba yake cewa, "Wanda duk yag gina rijiya, ya zamna." Kowace shekara in an gama cirar auduga sai ka ji tsofaffi suna cewa baɗi war haka muna bakin teku. Shekara arba'in ana wannan baɗin. A cikinsa aka haife ni, a cikinsa na yi aure.

Ruwanmu na tur'a ne, babbar magudanar da ke shayar da gonaki. A nan jakuna ke sha, a nan ake wanki, a nan yara ke iyo, daga nan ake cika randa. In bazara ta yi aka rufe ruwa daga sama, sai ya rage kududdufai kore shar, mata su kore gansakuka da ƙwarya su ɗiba. Kowa ya san ruwan nan ba na kirki ba ne. Amma matafiyi ai ba ya zaɓen ruwa.

Matata 'yar ƙanen Babana ce, tare muka tashi, don haka ba ta jin nauyin bakina, ni ma na san kaifin nata. In tana cikin daɗi ta ce mini Yaya, in ranta ya ɓaci ta ce mini Ustaz, don ta tuna mini bokon da bai kai ni ko'ina ba. Ɗanmu na fari gudawa ce ta ɗauke shi wata biyu bayan yaye. Aka ce kwana ne ya ƙare, muka ce haka ne. Ta biyu mace ce, kuma tana cikin shekara ta huɗu ta fara fitsarin jini. A wurin yara maza ba a ma ɗaukarsa ciwo, cewa ake yi alamar girma ce. Amma ita cikinta ya kumbura, ƙafafunta suka zama kamar sillen kara, wasa kaɗan sai ta nemi inuwa ta kwanta. Sau biyu ina ɗora ta a jakin aro zuwa asibitin Kamlin. Allurar da ake yi wa masu ciwon mai zafi ce ƙwarai, sai na danne ta da ƙirjina tana kiran uwarta. A zuwa na biyu ma'aikacin asibitin ya wanke hannunsa, ya dube ni ya ce da Larabci, "In dai tur'a za ta koma, ka daina wahalar da jakin mutane."

To ana cikin haka sai ga ɗan aiken umda, hakimin yankin, a kan jaki yana bin ƙauyukan bakin tur'a. Ya ce nan da kwana uku wasu Turawa za su zo da mota, suna rubuta abin da kowane gari yake da shi da abin da ya rasa, kuma duk garin da ba shi da ruwan sha za a haƙa masa rijiyar burtsatse, da inji da tanki a sama. Ko saukowa bai yi ba a wurinmu, daga kan jakin ya faɗa ya wuce. Kafin la'asar labari ya shiga kowane gida.

Bayan salla Babana ya sa aka kira ni rumfarsa. Tsofaffi biyar suna zaune. Ya ce bai yarda da tafintocin Larabawa ba, don suna ƙara gishiri a magana. Tunda Allah ya sa an yi asarar shekara biyu a kaina a boko, yau ga ranarta.

"Kai za ka yi magana da Baturen. Ka hwaɗa mai mu matahiya na. Nan ba gari na ba, zango na. Ba mu biɗar komi, kada shi rubuta mu."

Na ce, "Baba, ruwan nan fa..."

"Ruwan mi? Shi munka sha, shi kas sha, ga ka ƙato."

Na ce jikarsa fa? Yana son yarinyar nan, shi ke ajiye mata dabino a aljihu. Amma ya ce ciwo da lafiya na Allah ne, zai yi mata rubutu ta sha. Da ruwan tur'a za a wanke rubutun, amma wa ya isa ya faɗi haka? Wani tsoho ya ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yau a rubuta ka don rijiya, gobe a zo da takardar a ce kai baƙo ne, tashi. Wannan ma ba ƙarya ba ce, mun ga an yi wa wasu. Na ce to. Me zan ce? A gidanmu ba a yi wa uba musu, kuma ni ban taɓa yi ba.

Kafin in kai gida maganar ta riga ni, don uwar matata tana bayan zana tana ji. Na tarar da matata tana daka, yarinyar tana kwance a tabarma kusa da turmi. Ba ta ɗago ba.

"Sannu da zuwa, Ustaz. An ce an ba ka babban aiki."

Na ce ta bar ni in huta.

Ta tsayar da taɓarya. "Ɗaya na binne. Wallahi ba zan binne ta biyu don Makkar da ba za a je ba. Shekara nawa ana tafiya? Ko jaki ne da yanzu ya kai ya komo."

Na daka mata tsawa na ce ta iya bakinta, uban wa take zagi? Ta ce nata ne ita ma, ai wan ubanta ne. Sai ta sassauta murya, ta matso, ta faɗi abin da tun a rumfa yake yawo a kaina ina korarsa.

"Yaya, duk zangon nan wa ke jin Turanci in ba kai ba? In ka buɗe baki, wa zai san abin da ka ce?"

Na dubi yarinyar. Ƙuda yana bakin idonta, ko korarsa ba ta yi. Na ce, "Zan faɗa wa Baturen." Ta ce in rantse. Na rantse.

Kwana ukun nan ban ji daɗin tuwo ba. In na gaida Babana da safe sai in ji kamar ya ga abin a goshina. In na shiga gida ga idon matata. Gaba kura, baya sayaki. Amma da yake ba a fafe gora ranar tafiya, na buɗe akwatina na zaro tsohon littafin rubutuna, gara ta cinye rabinsa, darasin nan dai yana nan da jan alƙalamin malam. Na zaga zango ina yi kamar akuyata ce ta ɓace, alhali gidaje nake ƙirgawa. Sittin da bakwai na samu. Yara kuwa na ƙirga na gaji na bari, don ba sa tsayawa wuri ɗaya. A gona sai in shige tsakiyar auduga inda ba mai ganina in yi ta yi wa itatuwa Turanci. Balaraben da nake yi wa aiki ya taɓa riskata ina cewa "There are many children" da ƙarfi, ya tsaya ya dube ni, ya ce in rage shiga rana.

Ranar ta zo. Tun hantsi muke jin motar tana ƙauyen Larabawa na ƙetaren tur'a. Aka yi musu yanka a gidan umda. Azahar ta wuce ba su zo ba, har Babana ya fara cewa Allah ya raba mu da su. Can rana ta ɗan karkata sai ga mota tana tafe tana tangaɗi a kan gaɓar tur'a. Direba ne kawai da Bature ɗaya. Tafintan nasu, wani ɗan birni mai wando, ashe ya ci ya ƙoshi ya miƙe a gadon umda, ya ce kambo ba ya cikin aikinsa. Direban ma bai fito ba, ya tura kujera baya ya rufe fuska da rawani.

Baturen saurayi ne, bai fi ni da yawa ba, rana ta gasa shi ya yi ja kamar gauta, ga gajeren wando, ga allo da takardu a hammata. Yara suka yi masa zobe. Aka shimfiɗa masa buzu a rumfa, ya zauna a karkace don bai iya ba. Aka kawo masa ruwa a ƙwarya, al'adar baƙo. Ya karɓa, ya leƙa ciki, ya yi murmushi ya ajiye a gefe. Maza suka cika rumfa, mata suna bayan zana, na san matata tana cikinsu. Babana ya zaunar da ni a damansa, ya ɗora hannu a gwiwata. Hannun nan har yau ina jin nauyinsa.

Baturen ya yi tambaya a hankali, kamar mai magana da kurma. Na tsinci abin da nake jira: me ke akwai a nan?

Babana ya ce, "Hwaɗa mai mu matahiya na."

Na dubi allon Baturen don kada in dubi kowa, na ce, "There are sixty-seven houses."

Ya rubuta.

"Hwaɗa mai nan zango na, ba gari ba."

Na ce akwai yara da yawa. Na ce babu makaranta, babu asibiti, babu rijiya. Da na ga sama ba ta faɗo ba sai harshena ya sake, na ce akwai tur'a, akwai jakuna a cikin tur'a, akwai ciwo a cikin tur'a. Alƙalaminsa yana ta gudu.

Babana ya matsa gwiwata. "Duk wanga dogon zance? Kalma ukku niy yi."

Na ce, "Baba, haka Turanci yake, doguwar hanya yake bi."

Tsofaffi suka gyaɗa kai, wani ya ce lallai, shi ya sa suke da yawan takarda.

Sai na zo kan abin da ya fi damuna, kuma ban san sunan fitsari da Turanci ba, malam bai kai mu nan ba. Na yi ta lalube, daga ƙarshe na ce, "There is blood in the water of my daughter." Baturen ya daina rubutu. Ya dube ni sosai. Ya nuna tsawon yaro da hannu yana tambaya, na nuna masa iya tsawonta. Ya gyaɗa kai, fuskarsa ta canza, na tabbata ya gane. Wallahi a lokacin ji na yi kamar an sauke mini buhun dawa daga ka. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Ya tambayi sunan garin. Na ce babu suna. Ya ɗan yi dariya yana zaton ban fahimta ba, ya sake tambaya, na sake ba shi amsa. Sai ya warware wata babbar taswira a kan gwiwarsa, ya sa yatsa a kan shuɗin layin tur'a yana bi. Ga ƙauyen umda, ga gadar da muke ƙetarawa, ga wani ƙauyen a gaba. Tsakaninsu, inda muke zaune mu da kaburburanmu, fari fat. Ya jawo wata doguwar takarda mai jerin sunaye da lambobi, ya bi ta daga sama har ƙasa, ya sake bi. Sannan ya ɗago ya faɗi jimlar da ko ɗan aji ɗaya zai gane:

"There is no village here."

Ashe duk lokacin da ma'aikatan gwamnati suka zo rubuta garuruwa a shekarun baya, Babana yana sallamar su da maganar nan tasa, su kuwa abin nema ya samu, an rage musu aiki.

Baturen nan ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Ya yi ta bayani, rabi na ji rabi ya wuce ni, amma da hannu da ido na gane: ba ya iya ba da rijiya sai ga garin da ke da lamba. Ya ciji alƙalami. Sai ya zaro wata takarda daga ƙasan allon, Turanci zalla, ba ko harafin Larabci. Ya rubuta 'yan layuka a kanta, ya fito da ɗan gwangwanin tawada ya buɗe, ya nuna Babana ya ce shi ne shugaba? Na ce shi ne. Ya ce wannan roƙo ne cewa mutanen nan mazauna ne, suna so a sa su a lissafin garuruwa. In shugaba ya dangwala yatsa a nan, shi da kansa zai kai ta inda ya kamata. Bai yi alkawari ba, amma zai kai. Ya miƙo mini takardar da tawadar.

Babana ya ce, "Mi yaka biɗa?"

Ga takarda a hannuna na hagu, ga tawada a na dama. Abin da zan ce a shirye yake, ba sai na yi tunani ba: Baba, shaida ce cewa mu matafiya ne, a bar mu. Da na faɗi haka da murna zai dangwala, ya ƙara da godiya. Babu mai karanta ta a rumfar nan, babu mai karanta ta a zangon kaf. Na dubi babban yatsansa a kan gwiwata, ya tsattsage da cirar auduga, farcen ya yi baƙi da tawadar allo. Mutumin nan tun yana yaro yake riƙe da magana ɗaya ta ubansa, bai mallaki komai a duniya ba sai ita. Ƙaryar da na yi ta yi tun ɗazu da bakina na yi ta, ni zan ɗauki alhakinta. Wannan kuwa da hannunsa zan sa ya warware wasiyyar ubansa, a gaban jama'arsa, yana murmushi. Na ji tari daga bayan zana, na san tarin wace ce. Na ce wa kaina, kai, dangwale ɗaya ne fa, rai ne fa. Na buɗe baki.

Abin da ya fito shi ne, "Baba, cewa ya yi ya duba takardunsa, babu gari a nan."

"Allahu akbar!" in ji Babana. Ya juya ga tsofaffi fuskarsa tana haske. "Kun jiya? Ko Nasara ya san gaskiya. To wagga takarda ta mi ce?"

Na ce, "Ba ta komai ba ce, ta garuruwa ce. Ba ta shafe mu ba."

Na mayar wa Baturen kayansa. Na ce, "My father, no." Iyakar abin da na iya ke nan. Ya dubi Babana da ke ta fara'a, ya dube ni, ya kasa haɗa abin. Ya sake miƙo takardar, ya nuna tsawon yarinyar da hannu kamar yadda na nuna masa. Na girgiza kai ban dube shi ba. Ya rufe gwangwanin a hankali, ya naɗe taswirarsa, ya ba kowa hannu ɗaya bayan ɗaya. Yara suka raka motar da gudu har gada.

Babana bai bari na tashi ba. Ya kama kaina da hannu biyu a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba tun da na girma, ya yi ta sa mini albarka da ƙarfi. Allah shi yi maka albarka, Allah shi ba ka masu bi maka kamar yadda kab bi min, Allah shi sa da kai za mu ƙetare teku. Rumfa ta ɗauka da amin. Wani tsoho ya ce ashe boko ma yana da rana. Ni kuwa kaina yana sunkuye a hannunsa, ina jin kunyar da ban taɓa ji ba, don na ci amanarsa ya sa mini albarka, na kuma ci amanar 'yata ban samo mata komai ba.

Na yi ta jan ƙafa kafin in shiga gida. Na tsaya wurin masu ɗaure jakuna, na tsaya wurin mai shayi, har dai na rasa wurin tsayawa. Rana ba ta faɗi ba tukuna da na ɗaga labulen zana. Matata tana zaune a bakin murhu ba ta hura wuta ba, yarinyar tana jingine a cinyarta.

Ta ce, "Na ji ana ta sa maka albarka, Ustaz."

Na tsuguna kusa da ita na yi ƙasa da murya. Na rantse mata da Allah na faɗa wa Baturen. Na lissafa mata duk abin da na ce, gidaje, yara, jakuna a ruwa, har jinin yarinyar. Na ce ba ki ga Baba yana cewa zancen ya yi tsawo ba? Ba ki ga Baturen ya nuna tsawonta da hannu ba? Ta gyaɗa kai, don ta leƙa ta zana ta ga wannan. Na ga fuskarta tana saukowa.

"To da ka faɗa masa, sai ya ce me?"

Na ce ya duba taswira, ya duba lissafi, babu mu a ciki, kuma ba a ba da rijiya sai ga garin da ke da lamba.

"Takardar nan da ya miƙo maka fa?"

"Ta garuruwa ce."

Ta dube ni ido cikin ido, ba da faɗa ba, irin kallon da take yi mini muna yara in ta ɓata hanya a gona.

"Yaya, shi ke nan? Babu wata hanya ko ɗaya?"

Na ce, "Babu."

Da ma ta ƙaryata ni, da ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai ta yarda. Ta share ido da bakin zane, ta ce in yafe mata maganganun da ta faɗa mini, na yi iyakar ƙoƙarina, Allah ya gani. Ta ɗora mini yarinyar a cinya, ta tashi ta hura wuta, ta ce bari ta dama mini kunu tunda ban ci komai ba tun safe.